TARIHI: Masu goge huɗu na Amurka da suka koyi kiɗa har wurin makaɗan Mali

 Yau tarihinmu zai ɗan fita gida. Za mu je Amurka, mu biyo ta bakin kogin Nilu da Indiya, mu sauka nan maƙwabta, Bamako. Labarin wata ƙungiyar makaɗa ne mai mutum huɗu kacal, sunanta Kronos, wadda ta haura shekara 50 tana sana'a ɗaya: ta nemi mai kiɗa duk inda yake a duniya, ta roƙe shi ya tsara mata sabon kiɗa, ta biya shi, ta koya, sannan ta hau dandamali tare da shi. Na san wani zai ce, to mu mi ya haɗa mu da gogen Turawa? Ka yi haƙuri ka kai ƙarshe, za ka ga inda zancen ya taɓo mu.

Da farko bari mu san kayan aikin. A kiɗan gargajiya na Turai akwai wani tsari na mutum huɗu: biyu suna riƙe da biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ɗaya yana riƙe da alto wanda ya ɗan fi shi girma da kaurin murya, na huɗun kuma yana zaune da biyolonsel, babban da ake tsayarwa ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mawaƙi, ba shugaba mai sanda a gaba. Wani makaɗin Ostiriya, Joseph Haydn, shi ya kafa wa tsarin ƙafa tun ƙarni na 18, su Mozart da Beethoven suka ɗora. Da tafiya ta yi tafiya, sai abin ya koma kamar kayan gado da aka kulle a adaka: makaɗa su sa baƙar kwat, su kaɗa abin da matattu suka rubuta shekara 150 baya, masu hali su tafa hannu, kowa ya tafi gida.

A watan Agusta na 1973, a birnin Siyatul da ke arewa maso yammacin Amurka, wani saurayi mai goge, David Harrington, yana sauraren rediyo da dare sai ya ji wani kiɗa da bai taɓa jin irinsa ba. Sunan kiɗan Black Angels, wato baƙaƙen mala'iku, George Crumb ne ya tsara shi a 1970, lokacin da yaƙin Biyetnam ke cin samarin Amurka da mutanen Biyetnam ba adadi. Gogen nan huɗu ne dai, amma an haɗa su da lantarki, suna ƙara kamar tarin ƙwari. Makaɗan suna goga bakan goge a bakin kofunan gilashi masu ruwa, suna buga faranti na ƙarfe, suna ƙirga lambobi da ƙarfi cikin harsuna daban-daban, har da Suwahili. Harrington ya ji cewa ga kiɗan da ke faɗin halin da tsararsa ke ciki. Ya ƙudura sai ya kaɗa shi, kuma ba a kaɗa shi sai da mutum huɗu. Dalilin kafa Kronos ke nan, cikin wannan shekara.

Kuɗi kam babu. Mutum na farko da Harrington ya roƙa ya tsara musu sabon kiɗa shi ne malaminsa, Ken Benshoof, kuma ladan da aka ba shi ƙunshin fanke ne irin na Amurka. Wanga labari har yau ana ba da shi ana dariya, amma daga wannan fanke aka fara lissafin da yanzu ya haura kiɗa 1000 da aka tsara ko aka gyara musamman domin Kronos. A 1978 ƙungiyar ta zauna San Faransisko da mutanen da duniya ta san ta da su: Harrington da John Sherba a biyolon, Hank Dutt a alto, Joan Jeanrenaud a biyolonsel. Waɗannan huɗun sun yi shekara 20 tare ba a canza ko ɗaya ba.

Yadda aikin ke tafiya ya yi kama da kai wa tela ɗinki, sai dai a nan telan ne ke zaɓen yadi da fasali. Ƙungiyar ta nemo kuɗi wurin gidajen wasa, jami'o'i, gidauniyoyi da masu hannu da shuni, ta ba mai tsara kiɗa, ya yi watanni yana aiki. In ya kawo, su zauna tare a ɗakin gwaji, a kaɗa, a goge, a sake. Sunansa ne ke kan aikin, haƙƙin mallaka nasa ne. Su kuma su ɗauki kiɗan su zagaya duniya da shi, su sa shi a faifai. Don haka suka yi wa ƙungiyar rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, domin kuɗin tikiti kaɗai ba ya biyan irin wanga aiki.

Mutumin da ya fi canza musu hannu shi ne Terry Riley, wanda suka haɗu da shi a kwalejin Mills ta Kaliforniya a ƙarshen shekarun 1970. Riley ya daɗe da barin rubuta kiɗa a takarda, ya tafi ya zama almajirin wani babban mawaƙin Indiya, Pandit Pran Nath, yana koyo da kunne kamar yadda ɗan makaɗi ke koyo wurin ubansa. Harrington ya yi ta binsa har ya yarda ya koma ga alƙalami. Shi kuma ya koya musu saurare: yadda ake daidaita murya da kunne, yadda ake riƙe zagayen kiɗa mai maimaituwa ba a gaji ba. Abotar ta kai su har ga Sun Rings a 2002, wanda hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa hannu aka yi, aka saka sautukan da kumbunan Voyager suka naɗo daga sararin sama.

A 1988 kuma Steve Reich ya tsara musu Different Trains. Reich Bayahude ne, yana yaro tsakanin 1939 da 1942 yana yawan shiga jirgin ƙasa daga Niyok zuwa Los Anjalas saboda iyayensa sun rabu. Da ya girma sai ya tuna cewa da a Turai yake a waɗannan shekaru, da wani jirgin daban aka sa shi, wanda ke kai Yahudawa sansanonin mutuwa na Hitila. Ya naɗi muryar matar da ta rene shi, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgi, da ta mutanen da suka tsira daga sansanonin, ya sa gogen suna bin hawa da saukar maganarsu. Duk wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum a kasuwa ya san wagga dabara. Shi Reich ɗin ma ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ganga.

To, yanzu mu zo Afirka. A 1992 Kronos ta fitar da faifan Pieces of Africa a kamfanin Nonesuch, aikin da aka yi shekaru ana tarawa. Mutum bakwai ne suka tsara abin da ke ciki, dukansu haifaffun nahiyar: Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Hassan Hakmoun na Maroko, Foday Musa Suso na Gambiya, Justinian Tamusuza na Yuganda, Hamza El Din ɗan Nubiya, Obo Addy na Gana, da Kevin Volans na Afirka ta Kudu. Yawancinsu sun shiga ɗakin naɗi da kayansu, Suso da korarsa, Addy da gangunansa, Maraire da mbira da ganga. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, a ɓangaren kiɗan gargajiyar Turai da kuma ɓangaren kiɗan duniya. Abin da ya sa wannan ya zama tarihi shi ne, kafin nan an saba ganin makaɗin Afirka a faifan Turawa a matsayin ɗan rakiya, ko a rubuta cewa kiɗan gargajiya ne kawai ba a faɗi mai shi ba. A nan an rubuta sunan kowa a gurbin da ake rubuta sunan Beethoven.

Biyu daga cikinsu sun cancanci mu tsaya kansu. Hamza El Din ɗan ƙauyen Toshka ne a bakin Nilu. Da aka gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a shekarun 1960, ruwa ya haɗiye ƙauyukan Nubiya a Masar da Sudan, aka kwashe dubun-dubatar mutane zuwa wasu wurare. Ƙauyensu na cikin waɗanda suka nutse. Kiɗansa Escalay, wanda ya fara fitarwa a 1971 da garayar Larabawa da ake kira ud, yana kwaikwayon ƙugin na'urar ban ruwa ta katako da shanu ke juyawa a bakin kogi. Na'urar ta tafi, gonakin sun tafi, amma ƙarar tana nan cikin kiɗa, kuma da Kronos ta ɗauka sai ta shiga kunnen mutanen da ba su taɓa jin sunan Nubiya ba.

Shi kuwa Hassan Hakmoun ɗan Gnawa ne na Marrakesh. Gnawa zuriyar mutanen da aka kwasa daga ƙasashenmu na kudancin Sahara ne aka ƙetara da su arewa a zamanin cinikin bayi, kuma har yau cikin waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Ka dubi sintir ɗinsu mai tsirkiya uku, ka ga ɗan uwan molo. Ka ji ƙarafunan da suke kaɗawa, ka tuna sambani. Ashe wani abu namu ya riga mu shiga wancan faifai, ta hanyar da ba mu so ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2003 Rokia Traoré ta Mali ta gayyace su cikin faifanta Bowmboï. A 2005 suka yi wanda zai fi burge masu kallon fim ɗin Indiya a cikinmu: suka ɗauki waƙoƙin da R.D. Burman ya tsara wa finafinai, suka gayyato matarsa Asha Bhosle ta sake rera su, Zakir Hussain yana buga tabla. Eh, muryar nan da iyayenmu suka sha ji a silima, ita ce tare da goge huɗu na San Faransisko. Sun yi aiki da Astor Piazzolla na Ajantina, da Wu Man ta Sin, da Alim Qasimov na Azarbaijan, da Homayun Sakhi na Afganistan. A 2011 aka ba su kyautar Polar ta ƙasar Suwidin, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan kiɗa na duniya.

Sai 2012. Wannan shekara ba sai an tuna wa ɗan Nijar ita ba, mun ga ƴan gudun hijira da idonmu. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka kama Kidal da Gao da Tumbutu, aka hana kiɗa a inda suke iko, makaɗa suka ɓoye kayansu ko suka gudu kudu da ƙasashen maƙwabta. Bikin kiɗan hamada na Tumbutu ya yi zamansa na ƙarshe a watan Janairun wannan shekara. A Bamako ma sana'ar ta yi sanyi, baƙi sun daina zuwa, wuraren wasa da yawa sun rufe.

Cikin wanga hali ne aka haɗa Trio Da Kali, da tallafin shirin kiɗa na gidauniyar Aga Khan da kuma wata malamar jami'a ta Landan, Lucy Durán, wadda ta shekara da shekaru tana bin kiɗan Mande. Su uku ne, kuma dukansu ƴan gado. Hawa Kassé Mady Diabaté ita ce mawaƙiya, ɗiyar marigayi Kassé Mady Diabaté na garin Kela. Fodé Lassana Diabaté, haifaffen Gine, shi ne mai balafon kuma jagoran kiɗa. Mamadou Kouyaté, ɗan Bassekou Kouyaté, yana kaɗa babban ngoni mai kaurin murya. Da kali da harshen Bambara yana nufin ɗaukar alkawari. Abin da suka sa gaba shi ne tono tsoffin waƙoƙin jeli, wato maroƙan gado na Mande, waɗanda gitar da orkes na zamani suka ture gefe.

Sun fara hawa dandamali ɗaya da Kronos a 2014 a jami'ar Maryland, a 2017 kuma faifansu Ladilikan ya fito a kamfanin World Circuit. Akwai wani abu a cikinsa da ya kamata a sani. Da Harrington ya ji muryar Hawa, sai ta tuna masa da Mahalia Jackson, shahararriyar mawaƙiyar coci ta baƙaƙen fatar Amurka wadda ta rasu a 1972. Ya sa mata faifan Mahalia ta saurara. Daga nan aka ɗauki waƙoƙi biyu da Mahalia ta yi suna da su, aka mayar da su Bambara. Wadda ta ba faifan suna, Ladilikan, ma'anarta kalmomin nasiha, kuma tana magana ne kan mai wa'azi da baki yana aikata saɓanin abin da yake faɗa. Ɗan Mali da ya ga 2012 ba ya buƙatar a fassara masa da wa ake. Ku duba wannan zagaye: kakannin Mahalia daga nahiyar nan aka kwashe su, waƙarta ta dawo bakin ɗiyar maroƙan Kela, ta zama nasiha ga ƴan uwanta Musulmi.

Amma a ganina babban aikin Kronos ba faifai ba ne. A 2015 suka buɗe wani shiri da gidan wasa na Carnegie a Niyok da wasu abokan tafiya, suka sa masa suna Fifty for the Future, wato hamsin domin gobe. Suka biya mutum 50, mata da maza, daga sassan duniya, kowa ya tsara kiɗa ɗaya. Sannan suka zuba komi a intanet kyauta: takardun kiɗan, naɗin sauti, da bayanin mai shi kan yadda ake kaɗawa. Dalibin goge a ko'ina yake zai sauke ya koya, ba ya biyan ko dala.

Lassana na cikin rukunin farko. Bai rubuta nasa a takarda ba, a kan balafon ya tsara shi aka naɗa, sannan wani makaɗin Amurka, Jacob Garchik, ya zauna ya raba shi ga goge huɗu. Sunan kiɗan Sunjata's Time, zamanin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali wajen 1235. Sassansa na ɗauke da sunayen mutanen tarihin: Sumaworo sarkin Soso, Sogolon uwar Sunjata, Nana Triban ƴar uwarsa, da Bala Faseke maroƙinsa. Balafon ɗin da ake dangantawa da Sumaworo da Bala Faseke, Sosso Bala, yana nan ajiye a Niagassola cikin Gine hannun zuriyar Kouyaté, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2001.

Ita kuma Hawa, nata ya fi taɓa ni. Ta tsara Tegere Tulon ne daga waƙoƙin tafi na ƴan mata, irin waɗanda ta yi tana yarinya a Kela, a yi da'ira da dare ana tafi, ɗaya ta faɗa tsakiya. Mata masu karanta wanga rubutu, ai kun gane: gaɗa ce. Kuma ciwon ɗaya ne, can ma wasan yana ja da baya, tele da salula sun kwashe yaran daga dandali. Yau ɗalibai a makarantun kiɗa na ƙasashe da dama suna ajiye goge suna koyon tafin ƴan matan Kela, domin takardar ta ce sai an tafa an rera.

Kar mu yi ta yabo ba mu faɗi ɗayan gefen ba. Akwai masu sukar irin wanga haɗin gwiwa, kuma maganarsu tana da nauyi. Kuɗin daga arewa suke zuwa, can ake zaɓen wanda za a gayyata, can ake yawancin wasannin, tikiti da biza kuma sun fi ƙarfin mutanen da kiɗan ya fito daga cikinsu. Sannan takarda ba ta ɗaukar komi. Maroƙi yana canza waƙa gwargwadon wanda ke zaune gabansa, yana tsawaita ta in an yi masa kari, yana saka habaici in an ɓata masa. In an rubuta, an daskarar da rana ɗaya ce daga cikin dubu. Wannan gaskiya ne. Abin da za a ce wa Kronos shi ne, ta rubuta sunan mai abu, ta biya shi, ta tsaya gefensa a dandamali, kuma ta mayar da aikin inda kowa zai iya ɗauka. Ba kowa ya yi hakan ba cikin waɗanda suka zo nahiyar nan da na'urar naɗi.

A 2024, bayan bikin cika shekara 50, Sherba da Dutt suka yi ritaya, Gabriela Díaz da Ayane Kozasa suka maye gurbinsu, tare da Paul Wiancko da ya karɓi biyolonsel a 2023. Harrington kaɗai ya rage cikin na farko. A wannan shekara kuma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya karɓi ajiyar takardunsu da naɗe-naɗensu. Mutane suna tafiya, ƙungiya tana nan, kayan kuma an san inda suke.

Nan ne zancen ya dawo gida. Mu ma mun taɓa ganin irin wagga himma. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker, malamin makaranta kuma mai gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin tsoho Boukar Tar, ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma masunta mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, a lokacin da ya kusa ɓacewa. Ya kai shi dandamalin Turai, ya sa shi a faifai. Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Tambayar da ta rage mana ita ce, yara nawa ne yau za su iya ɗaure tsirkiyar biram? Muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, muna da gasar Ɗan Gurmu da Tawa ta san ta, muna da masu goge da gurmi da algaita da kakaki a fadodin Damagaram da Katsinar Maraɗi da Gobir. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa wurin tsoho tun yana da rai, ya biya shi, ya naɗa, ya rubuta sunansa, ya haɗa shi da yaro mai gitar su fitar da sabo.

Kuma abin bai kai tsadar da muke zato ba. Kuɗin da ake liƙi da su a daren biki ɗaya sun isa a zaunar da tsohuwa mai waƙar gaɗa ko ta daka kwana uku ana naɗa da salula mai kyau. Waɗancan da fanke suka fara. In akwai tsoho ko tsohuwa a unguwarku da ke riƙe da kiɗa ko waƙar da ba kowa ya iya ba, ku faɗa mana garin da irin kiɗan, mu san inda za a fara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.